Abin da ya sa na bar Browning na koma Glock, da shawarata ga mai aiki a karkara

"Assalamu alaikum Baba. Ni ƙaramin jami'i ne, ban daɗe da fitowa daga makarantar 'yan sanda ta Wudil ba, an turo ni wani ofishi a karkarar Jigawa. Wani tsohon sufeto da ya yi aiki a ƙarƙashinka ya ce min a zamaninku ba ka yarda da kowace fistol ba sai Browning, har kana ce wa Glock bindigar roba. Amma kwanan baya na ji an ce ka faɗa cewa da za a ba ka zaɓi yau, Glock za ka ɗauka. Me ya sauya? Ni kuma da nake yawo a kan babur cikin ƙura da ruwa, wacce ya kamata in nema in an ba ni dama?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka jagora a wannan aiki, ya tsare ka, ya kuma tsare mutane daga hannunka. Sufeton nan gaskiya ya faɗa maka. Na yi fiye da shekara 20 ina kare Browning a duk inda gardamar bindiga ta tashi, a bariki ko a filin harbi, kuma "bindigar roba" da bakina na faɗa, ba sau ɗaya ba. Yau in ka ajiye min su biyun a kan tabarma ka ce in ɗauki wadda zan ba yarana su fita aiki da ita, Glock zan ɗauka. Tambayarka gida biyu ce: abin da ya juya ni, da abin da ya kamace ka. Ta farko amsarta doguwa ce. Ta biyu kuma ba lallai amsarta ta zama Glock ba, za ka ga dalili.

Tunda ba kai kaɗai za ka karanta wannan ba, bari in fara da doka. A dokar makamai ta ƙasar nan, wadda ta samo asali tun 1959, fistol da libarba suna cikin rukunin makaman da aka haramta, babu mai ikon ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu lasisinta na hannun Sufeto Janar, ta toka irin ta maharbanmu kuma na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Saboda haka duk maganar da zan yi ta mai kaki ce, wanda ya sa hannu a littafi ya karɓi makami, ya kuma dawo da shi ya sake sa hannu.

Yadda Browning ta kama ni

Lokacin da na shiga aiki, abin da muka tarar a ƙugun manyanmu libarba ce mai cin harsashi 6, gadon Turawan Ingila. Bindiga ce mai haƙuri. Ka ja kunama ta tashi, in harsashi ya ƙi ka sake ja ta juyo maka da na gaba. Amma in shidan nan suka ƙare, sai ka tsaya zura su ɗaya bayan ɗaya da yatsu masu rawa. Ranar da aka fara miƙo min Browning, ji na yi kamar an sauke ni daga kan jaki an ɗora ni a kan doki.

Ba'amurke John Browning ne ya fara zana ta, ya rasu a 1926 bai gama ba, wani injiniyan kamfanin FN na Beljiyam mai suna Dieudonné Saive ya ƙarasa aikin, ta fito a 1935. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne magazin, wato gidan da ake jera harsasai a ciki, mai cin harsashi 13, a zamanin da sauran ke cin 7 ko 8. A yaƙin duniya na biyu ɓangarorin biyu duk sun riƙe ta, Jamusawa daga masana'antar da suka kame a Beljiyam, abokan gabarsu kuma daga wadda aka ƙera a Kanada. Bayan yaƙin ta shiga hannun sojojin ƙasashe sama da 50, har da namu.

Ni abin da ya kama ni shi ne yadda take zama a hannu. Mariƙinta bai cika kauri ba duk da harsasan da ke cikinsa, nauyinta kusan kilo ɗaya na zallan ƙarfe yana shanye bugun da take yi in ta tashi, kunamarta kuma gajeriya ce. A mita 25 nakan tara harsasaina a wurin da bai wuce faɗin faifai ba. Da aka mai da ni koyar da harbi da kula da ɗakin makamai, sai na riƙa auna kowace bindiga da mudu ɗaya: wacce na fi samun saiti da ita, ni, da rana tsaka, a fili, cikina a ƙoshe, babu mai neman raina. A wannan mudun Browning ta fi, kuma har gobe ta fi a hannuna. Mudun ne na gano bai dace da aikinmu ba. Abubuwa uku suka nuna min haka, kuma sai da suka ɗauki shekaru.

Ranar kasuwar shanu

Na farko ya faru a wata kasuwar dabbobi ta mako-mako can wajen iyakarmu da Nijar. Mun je kama wani da ake zargi da sayar da shanun sata. Ina tare da wani sajan wanda a duk yaran da na koyar babu mai hannunsa. Mutumin ya ga an ritsa shi, sai ya zaro wuƙa daga hannun riga ya yi kan sajan, tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Sajan ya zaro Browning cikin ƙiftawar ido yadda na koya masa, ya ja kunama, shiru. Ya sake ja, shiru. Wani ɗan koren shanu ne ya sauke wa mutumin sanda a hannu, wuƙar ta faɗi bayan ta yanki sajan a damtse. Da na karɓi bindigar na duba, lafiyarta ƙalau, harsashi na gindin bututu, guduma, wato ƙarfen bayan nan da ke bugawa harsashi ya tashi, a ɗane. Sefti ne, wato ɗan maɓallin da ke kulle bindiga, bai sauke ba.

A ranar na yi masa faɗa sosai. Na kuma gode wa Allah da ba ta tashi ba, don bayan mutumin nan cike yake da jama'a da dabbobi, ga shi an kama shi da ransa, kotu ta yi aikinta. Amma da dare abin ya hana ni barci. Sajan nan ya sauke seftin nan a gabana sau ɗaruruwa ba tare da ya kalla ba. In shi ya manta, wa zai tuna?

Ga yadda abin yake. Browning ba ta tashi sai gudumarta na ɗane a baya, saboda haka hanya biyu ake ɗaukarta. Ko ka sa harsashi a ɗaki, wato a gindin bututu, guduma a ɗane, ka ɗaga sefti, ko ka bar ɗakin babu komai, in buƙata ta zo ka ja silaid baya, wato saman nan mai zamewa, ka sake shi. Ta farko tana neman babban yatsanka ya tuna da wani ɗan ƙarfe wanda a tsofaffin samfuri ƙarami ne ƙwarai, a lafe da jikin bindigar. Ta biyu tana neman hannu biyu, kuma a aikinmu hagu ba kasafai take zaune banza ba. Tana riƙe da tocila, ko kan babur, ko wuyan rigar wanda ka kama, ko tana tare sara. Tsoro kuma in ya zo, abin da yake fara ƙwacewa a jikin mutum shi ne ƙananan ayyukan yatsu. Duk wanda ya taɓa neman ramin kwaɗo da makulli kare na bin sa ya san wannan. Halitta ce, tana samun jarumi kamar yadda take samun matsoraci.

Na ɗan karkata ga Beretta 92 na wani lokaci, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 1985 bayan sun riƙe tsohuwar tasu tun 1911. Tana cin 15, kuma ana iya ɗaukarta da harsashi a ɗaki guduma a kwance, jan kunama na farko shi zai ɗana gudumar ya sake ta. Sai dai jan farkon nan dogo ne mai nauyi, kusan ninki biyu na waɗanda ke biye. Na sha ganin kurata harbinsu na farko ya nufi ƙasa saboda kokawa da kunama, na biyu kuma ya kuɓuce musu kafin su shirya saboda ta yi laushi ba zato. Ga ta da girma, mai ƙaramin hannu da ƙyar yatsansa ke kaiwa.

Wanda ya fi kowa rauni a tawaga

Duk abin da na lissafa horo yana maganinsa. Mutumin da ke harba dubban harsasai a shekara, yatsansa zai sauke sefti ko daga barci aka tashe shi. Amma harsashi kuɗi ne, filin harbi kuma ba a kowace ƙaramar hukuma yake ba. Kai ka san adadin harsashin fistol da ka harba a rayuwarka. Ka tambayi kofur ɗin ofishinku yaushe rabonsa da filin harbi. Na san waɗanda suka yi shekaru suna rataye da fistol ba su ji ƙararta ba. Wannan shi ne abu na biyu, kuma sai da aka sa min Glock a hannu na gan shi sarai.

Gaston Glock mutumin Ostiriya ne, kuma asali ba maƙerin bindiga ba ne. Kamfaninsa sandunan labule yake yi, da wuƙaƙe da ƙananan kayan roba na sojoji. A 1982 sojojin ƙasarsa suka zaɓi fistol ɗin da ya ƙera, Glock 17, mai cin harsashi 17. Gangar jikinta wata roba ce mai tauri, bututu da silaid kuma ƙarfe. Ba ta da guduma a waje, ba ta da seftin da ake ɗagawa ko saukewa. Kunamarta nauyi ɗaya ce daga harsashin farko zuwa na ƙarshe, wajen kilo 2 da rabi. Makullanta uku ne a gine a jikinta, jan kunama ke buɗe su, kuma su ne ke hana ta tashi in ta faɗi ƙasa. A 1988 aka fito da ƙanwarta, Glock 19, mai cin 15, wadda ta fi ta gajarta.

A wani kwas da aka tura mu na fara harba ta, kuma ban so ta ba ko kaɗan. Mariƙinta kamar bulo, kunamarta kamar ana danna soso, harsasaina kuma suka bazu fiye da yadda na saba. Na dawo masauki ina cewa maganata ta fito. Washegari aka sa ni tsayawa a bayan layi ina lura da masu harbi, sai na ga abin da ban gani ba ina harbi da kaina. Gwanaye ba su ƙaru da komai ba. Amma yaran da na san sukan sha wuya, masu mantuwa, masu rawar hannu, su ne suka gyaru. Babu wanda ya tsaya laluben maɓalli, babu wanda harbinsa na farko ya bambanta da na biyu. Abu ɗaya suke da shi na koyo, kuma cikin kwana uku sun kama shi.

A nan tunanina ya juya. Bindigar gasa ana zaɓarta ne saboda gwani. Bindigar aiki kuwa saboda wanda ya fi kowa rauni a tawaga ake zaɓarta, a ranar da ya fi gajiya, ya kwana a shinge, bai karya ba, ƙura ta cika masa ido. Shekara 20 ina zaɓa wa kaina, alhali ni ba ni kaɗai ke fita sintiri ba. Sojojin Ingila ma, waɗanda suka riƙe Browning kusan shekara 60, a 2013 suka ajiye ta suka ɗauki Glock 17. Lokacin da labarin ya iso mu na riga na sauya, amma ya kwantar min da hankali.

Ƙura, gumi da ruwa

Na uku a ɗakin makamai na koye shi. Kai da ke Jigawa ka san shekararmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce mai laushi kamar gari, tana shiga inda ruwa ma ba ya shiga. In ta haɗu da man bindiga sai ta zama kwaɓi, silaid ya riƙa tafiya da ƙyar. Daga Maris zuwa Mayu gumi ne, kuma gishirinsa yana cin gefen bindigar da ke manne da jiki. In damina ta zauna, wanda ke aiki wajen Auyo, Kafin Hausa ko Guri zai shiga kwale-kwale, zai ratsa ruwa har ƙugu. Na sha karɓar Browning daga kuben fata bayan mako guda a irin wannan yanayi, tsatsa ta yi mata ja kamar an barbaɗa mata jan ƙasa.

Glock robarta ba ta tsatsa, ƙarfenta kuma an gasa shi ta wata hanya da ke sa ya daɗe bai kama ba. Sassanta 30 da 'yan kai ne, mai kuma ɗigo kaɗan take so, saboda haka ƙura ba ta samun abin mannewa. Ba ta kai giram 750 ba in babu harsashi, wanda ya yini da bindiga a ƙugu a kan babur ya san darajar wannan. Tsoron da na daɗe da shi cewa zafin Afrilu zai lanƙwasa roba, ban taɓa ganin ya tabbata ba.

Adalci shi ne in faɗi cewa yawancin Browning ɗin da na kula da su sun girmi masu riƙe da su. Tsohuwa nake gwadawa da sabuwa, kuma kowace bindiga in sifirin ɗinta, wato wayar nan mai naɗi da ke turawa, ya gaji za ta cije. Sannan cikin duk cijewar da na gani a rayuwata, mafi yawa laifin magazin ne: leɓensa ya lanƙwashe don an yar da shi a kan siminti, ko sifirin ya mutu, ko yashi ya cika shi. Sojojin Amurka sun yi ta kuka da Beretta a yashin Iraƙi, da aka bincika sai aka tarar babban laifin na wasu magazin ne da fentin cikinsu ke riƙe yashi.

Maganar ƙarfin harsashi

A nan ma na sauya. A bariki za ka haɗu da masu rantsuwa da fistol ɗin TT, ta Rasha ko ta Sin mai tauraro a mariƙi. Tana cin 8, harsashinta siriri ne, milimita 7.62, yana gudun fiye da mita 400 a daƙiƙa, yana kuma ratsa abin da na milimita 9, wanda Browning da Glock ke ci, ba ya ratsawa. Har cewa ake yi ba ta jin maganin bindiga. Ni ma na taɓa ɗaukar wannan ratsawar a matsayin falala. Amma ka tsaya a tsakiyar ƙauyen da kake aiki ka duba abin da ke raba gida da gida: danga, zana, ƙofar langa-langa. A bayan zanar nan akwai mace tana daka, akwai yara. Harsashin da ya wuce wanda aka nufa bai san ya gama aiki ba, kuma sunanka ne a kansa duk inda ya sauka. Ƙari a kan haka, ainihin TT ba ta da sefti na sosai sai rabin ɗanin guduma, kuma wadda ta tsufa tana iya tashi in ta faɗi. Ba zan ba yarona ita ba in akwai wata.

Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi irin wannan zagayen. A watan Afrilu na 1986 a birnin Miami jami'anta 8 suka yi artabu da 'yan fashi 2, aka kashe jami'ai 2 aka raunata 5. Ɗaya daga cikin 'yan fashin harsashin 9 ya shige shi ya tsaya dab da zuciya, ya ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin, ta koma mai girman milimita 10, da ya yi wa jami'ai da yawa ƙarfi ta sauko zuwa wani mai suna .40 da bai kai shi ƙarfi ba. Bayan kusan shekara 30 ta dawo kan 9, a 2016 ta ba Glock kwangila. Dalilinta shi ne ƙirar harsashi ta inganta, na 9 bai cika bugun hannu ba, jami'ai sun fi samun saiti da shi, magazin ya fi ɗaukar da yawa, horo kuma ya fi araha. Inda harsashi ya sauka ya fi girmansa muhimmanci.

Aibin Glock

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sauƙin nan da na yaba shi ne haɗarinta. Duk abin da ya ja kunamar Glock, in akwai harsashi a ɗaki, za ta tashi, ko yatsa ne, ko bakin riga, ko mazagin wando. Mu kuwa muna da wata mummunar al'ada ta soke fistol a ƙugu babu kube, musamman masu aikin farin kaya, a rufe da 'yar shara ko kaftani. Na kai wani yaro asibiti da hannuna, harsashi ya ratsa cinyarsa, yana ƙoƙarin mai da ita ƙugu a cikin mota rigarsa ta shiga gidan kunama. Allah ya sa bai taɓa babbar jijiya ba. Seftin Glock kubenta ne: mai tauri, wanda aka yi don ita, wanda ya rufe kunama ruf, yana kuma riƙe ta ko ka faɗi daga babur. Kuben fata mai laushi da dukawa ke ɗinkawa yana da kyau ga wuƙa, amma in ya tsufa bakinsa yana lanƙwashewa ya shiga inda bai kamata ba.

Aibi na biyu, ba a kwance ta don wanki sai an ja kunama. Wanda ya cire magazin ya manta da na ɗaki, a nan zai harbi bango ko abokin aikinsa. Tsari ɗaya ne ba ya sauyawa: magazin ya fita tukuna, a ja silaid, a duba ɗaki da ido, a taɓa da yatsa, baki na kallon buhun yashi, sannan a ja kunama. Kuma in mutum ba shi da kube na gaske, ba a kuma koya masa ajiye yatsa a wajen kunama ba, na fi son in gan shi da Beretta guduma a kwance, ko ma tsohuwar libarba, waɗanda nauyin kunamarsu kan yafe ƙaramin kuskure.

To kai fa?

Gaskiyar aiki ita ce ba kasafai ƙaramin jami'i ke zaɓa ba. Abin da ke ɗakin makaman ofishinku shi za a ba ka. In an ajiye maka Glock 17 ko 19 da kubenta da magazin biyu masu lafiya, ɗauke ta, kuma don babur 19 ta fi, ba ta tokarar cinya. In Browning ce ko Beretta, kada ka raina ta. Tsohuwar da ka sani ciki da waje ta fi sabuwar da ba ka taɓa harbawa ba. Ka roƙi mai kula da makamai ya riƙa ba ka guda ɗaya kullum, ka haddace lambarta, ka san halinta. Ka bi umarnin ofishinku a kan ko ana sa harsashi a ɗaki ko ba a sawa, sannan ka tsaya a kan hanya ɗaya. Wanda yau ya sa gobe bai sa ba, ranar buƙata ba zai san a wane hali take ba.

Ka duba gindin kowane harsashi da aka ƙirga maka. Akwai 9 na Browning da Beretta da Glock, wanda kwansonsa milimita 19 ne, akwai kuma 9 na fistol ɗin Makarov mai 18, ba sa musanya duk da suna kama a ido. Wanda ya yi kore, ko ya lotsa, ko kansa ya nutse ciki, mai da shi a rubuce. Da hunturu ka riƙa share ta da busasshen ƙyalle kullum, mai kaɗan a kan hanyar silaid kawai, kada ka zuba mai cikin magazin ko ramin allurar da ke bugun gindin harsashi. In ta sha ruwa, a kwance ta a ranar, kada a bari sai gobe. In za ka shiga kwale-kwale ka ɗaure ta da igiya a bel ɗinka, don bindigar da ta nutse a kogin Hadeja tambayar da za ta jawo maka ba ƙarama ba ce. Zaro ta daga kube da ɗaga ta zuwa ido ba sa cin harsashi, kana iya maimaita su da bindiga marar komai a gaban mai kula da makamai, minti 10 kafin fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kuma san iyakarta. Fistol makamin kusa ne. Mita 25 na filin harbi ne, a cikin tashin hankali da duhu taku goma ma nisa ne. In aikin na shiga daji ne bin ɓarayin shanu, doguwar bindiga ce makami, fistol ta tsaya a matsayin ta kare kai. Ka nemi Umarnin Runduna mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ka karanta shi har ka iya faɗinsa da ka, don shi ya fayyace lokacin da doka ta yarda ka harba, kuma ginshiƙinsa shi ne sai rai na cikin haɗari na nan take, babu wata hanya. A shekaruna 35 rigingimun makiyaya da manoma da na kashe a zauren dagaci, ardo na gefe guda mai gona na ɗaya gefen, sun ninka waɗanda na zaro makami a kansu sau ba adadi.

Hukuncina ya tsaya ne a kan bindigogin da na harba na kuma kwance da hannuna, da kuma aikin ɗan sandan karkara. Fistol ɗin SIG da sojojin Amurka suka koma wa a 2017 ta zo ne bayan na ajiye kaki, saboda haka ba zan yi mata shaida ba. Masu gadin manya da rundunoni na musamman da ke harbi kowane mako lissafinsu daban ne, kuma a cikinsu wanda ya ce min Browning zai riƙe ba zan yi masa gardama ba.

In ka samu hutu bayan an cire amfanin gona, ka biyo ta Ringim ka tambayi gidana. Ka bar bindigar a ɗakin makamai, ka zo min da kuben da bel ɗin da kake sawa, in ga yadda suke zama a ƙugunka in ka hau babur. Ka gaishe min da sufeto.